Idon Hagu na Bibata

"Ba inda za ni," in ji maƙwabciyata Bibata, ta kafe a kan tabarma.

Ga mota na jira a kai ta Tilaberi a cire mata yanar idon hagu. Na dama an riga an yi, ya kuwa washe tas. Matar da sai an ja ta da sanda, yau ita ke tsince tsakuwa a shinkafa, har da yi mini gorin furfura.

Ɗanta Sumana ya durƙusa. "Haba Inna, da girmanki kike tsoron likita? An ce in aka bar shi zai mutu murus."

"Rabu da ni, sarkin naci."

Na kore shi waje, na zauna. "Ke, gaya mini gaskiya."

Ta yi ƙasa da murya. "Na dama ku kaɗai yake nuna mini. Baban su Sumana kuwa, tun da kogi ya tafi da shi ba a ga gawa ba, cikin hazon na hagu yake zuwa."

Ta rufe idon dama da tafi, ta dubi gefena.

"Matsa kaɗan, Gambi. Kin zauna masa a kan riga."