Ɗinki Babu Zare

Da ƙyar ta ja jiki zuwa gaban keken ɗinkinta. Ta sa hannu ta ɗago ƙafar hagu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kashe, ta ɗora a kan feda.

Waya ta yi ƙara. Babban ɗanta ne.

"Umma, kina kwance dai ko? Hutu ne maganinki. Jibi zan zo in ɗauke ki, a rufe gidan nan."

"Ina nan kwance kamar buhu, ranka ya daɗe," ta ce, ta kashe.

Duk mai zuwa dubiya hutun nan yake rubuta mata, sannan ya dubi agogo ya miƙe. Likitar da ta sallame ta daga asibiti ce kaɗai ta saɓa. Wai kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa da ɗan murhunta a ciki, motsi ne ke hura shi, kwanciya kuwa toka take bari.

Shi ya sa kullum ƙafar dama ke taka keken, ta hagu tana bi kamar goyo. Ba zare, ba yadi. Ƙarar ce abokiyar hirarta.

"Ke 'yar hutu," ta ce wa ƙafar hagun, "jibi za a kwashe mu. In kina da magana, yi ta yanzu."

Ta janye ta dama. Keken ya yi tsit.

Can sai allura ta sauka, ta tashi, ta sake sauka.

"Kun gani?" Ta waiwaya. Ba kowa sai labule.

Ta juyo, ta laluɓo zare.