Muciyar Mama

Wata Asabar da yamma a gidanmu na Makera, Baba ya ce zai nuna mana yadda ake yin doka a jiha. Mu yara ne 'yan majalisa, Mama gwamna, shi kuma alƙali. Ya ɗora muciya kan kujera.

"Ga sandar majalisa. In babu ita, babu zama."

Na kawo ƙudirin soke miyar kuka, kowa ya ɗaga hannu. Saura gwamna ta amince.

Mama ta saurare mu tsaf, ta ɗauke muciyarta. "Ruwan tuwona ya tafasa."

Muka garzaya kotu. Baba ya shaƙi ƙamshin daddawa, ya ce, "An ɗage shari'a sai bayan cin abinci."

Har yau, in na ji ana rigima kan sandar majalisa, yunwa ce ke kama ni.