Gaisuwar Iya Lantana

Tun da Babbar Na'urar Kano ta fara yanke gaisuwa daga kowane kiran waya, Tasalla ba ta ƙara jin muryar kakarta ba. Tsufa ya kwashe wa Iya Lantana duk magana, sai gaisuwa.

A ɗakin Na'urar ne Tasalla take aiki. Ta buɗe fayil ɗin tsohuwar, ta rubuta a samansa cewa dokar kowa ba ta hau wannan ba.

"Za su kore ki fa," in ji Malam Jatau, shugabanta.

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya miƙe, wai zai sha iska.

Da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Ƙawata, ina gajiya?"

Tasalla ta daɗe tana laluben amsar. Iya ta jira ta.

"Ba gajiya, Iya."