Danshin da Ke Cikin Wayar Mama

"Ta taɓa faɗawa ruwa?" mai gyaran waya ya tambayi Baba. "In ta taɓa, sai na busar da ita kwana guda kafin na sa mata zafi."

"Ko ɗigo," in ji Baba.

Wayar Mama ce ta daina kawo wuta, kuma muryarta na ciki. Wata takwas da rasuwarta, ban taɓa ganin hawayen Baba ba. Abin ya tsaya min a rai.

Mai gyara ya hura iska mai zafi zai ciro ɗan guntun da ke ajiye saƙonni. Sai ji muka yi tas! Guntun ya kumbura, ya dare.

"Danshin cikinsa ne ya tafasa. Komai ya tafi," in ji mai gyara.

Na hau shi da masifa. Sai ya nuna min cikin wayar. Farin gishiri ya bushe daidai inda ake kara kunne.

"Ƙanwata, ruwan famfo ba ya barin wannan. An daɗe ana kuka a kanta."

Tun ranar jana'iza wayar ba ta bar hannun Baba ba. Na waiwaya. Baba yana kallon bango, kamar kullum.