Ranar da Aka Binciki Gaisuwar Ladidi

Tun da aka haramta doguwar gaisuwa a wurin aiki, kowane ma'aikaci yake yawo da ɗan maɓalli a wuyan rigarsa. Da ka wuce "sannu", sai ya yi ja. Na Ladidi, mai ba da magani a asibiti, ya yi ja ranar da ta tambayi wata tsohuwa jikin mijinta. Aka dakatar da ita, aka kira ta gaban kwamitin ladabtarwa.

Ranar zaman kwamitin, ta ci ado kamar mai zuwa suna. Ƙanwarta ta biyo ta har zaure.

"Yaya, don Allah ki ce musu kuskure ne."

"Kuskuren wa? Ni ba bebiya aka haife ni ba."

Shugaban kwamitin, Malam Sallau, shekaranjiya ya binne mahaifiyarsa, kuma kaf asibitin ba wanda ya iya yi masa gaisuwa. Da Ladidi ta zauna a gabansu, ya buɗe baki zai faɗi laifinta, ta riga shi.

"Malam, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta."

Sauran 'yan kwamitin kowa ya dafe wuyan rigarsa. Malam Sallau ya dube ta.

"Amin, amin," in ji shi. "Na gode, Ladidi. Ya yaran? Ya maigidan?"

Maɓallinsa ya yi jajir.

Ladidi ta tattare mayafinta, ta matsa gefe a kan bencin waɗanda ake tuhuma.

"Duk suna lafiya lau, Malam. Bismillah, akwai wuri."