Takalmin Almustapha

Takalmin Almustapha ya sake ɓata. Ya duba bakin ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin babur, ya ɗaga tabarmar zaure, babu. Ga rana tana ɗagawa, ga 'yan ƙwadago can gona suna jiransa a fara karyar masara.

Abin da ya fi ba shi haushi, takalmin ba ya ɓata gaba ɗaya. Da yamma sai a tsince shi a bayan randa, ƙafa biyu a jere kamar an ajiye wa baƙo. Yayarsa Sadiya, wadda ke aiko musu da tuwo, ta ce a yi wa gidan hayaƙi. Shi kuwa ɗan maƙwabcinsa ya zarga, ya murɗe wa yaro kunne a banza, har yau uban yaron ba ya amsa masa gaisuwa da kyau.

Amma ba takalmi ne babbar damuwarsa ba. 'Yarsa Ummukulsum ce, 'yar aji ɗaya a firamaren Dayi. Yarinyar da a da take rigan kowa wanka, yanzu da an ce makaranta sai ciwon ciki. Yana ɗaura mata hijabi a karkace tana bin fuskarsa da ido.

"Baba, yau ina za ka?"

"Gona mana. Ina kike so in je?"

Kullum tambayar ke nan, kullum amsar ke nan.

Almustapha mutum ne mai saurin yanke hukunci, in ya yanke kuma sai dai ya yi nadama daga baya. Ya ce lallai wani ke dukanta. Ya wanke ƙafa har makaranta, ya tsaya a bakin aji yana ɗaga wa malamarsu murya kamar mai cinikin taki. Malama Zakiyya ta bar shi ya gama, sannan ta ce babu mai taɓa Ummukulsum. Yarinyar dai ba ta fita tara, ba ta wasa da kowa, jakarta na kan cinyarta ta rungume har a tashi. Ya ce to awararta ake ƙwacewa, ya juya ya tafi ko sallama babu.

Wata rana ya yi dabara, ya kulle takalmin a cikin rumbu. Da safe ya saka abinsa yana jin daɗi. Ranar ce Ummukulsum ta yi kukan da bai taɓa ji ba. Ta kwanta a tsakar gida, ta ƙanƙame ƙafarsa, ta ce ko za a yanka ta ba za ta je ba. Ya lallasa, ya yi alkawarin alewa, ya gaji, ya karyo tsumagiya a jikin dalbejiya. Ta tafi tana waiwaye, da shatar bulala a ƙwauri.

A gona ya kasa aikin kirki. Duk zangarniyar da ya karya sai ya ga ƙwaurin nan. Ya ce wa kansa don gobenta ya yi, ai yarinyar da ta saba gudun makaranta tun tana ƙarama ba ta komawa. Ya maimaita har ya gaji, zuciyarsa ba ta yarda ba. Bai ƙara kulle takalmin ba, ya gwammace ya riƙa fita da tsohon silifas ɗin banɗaki. Abin mamaki, kukan ma ya yi sauƙi.

Da aka gama sussuka, ya shirya kai masara kasuwar Bakori. Suna cin tuwo ya ce mata, "Gobe zan yi tafiya. In kin tashi daga makaranta ki wuce gidan Gwaggo Sadiya." Ta ajiye lomar da ta ɗauko, ba ta ƙara ci ba.

Da safe ta yi wanka da kanta, ta fita ba kuka ba ciwon ciki, har ya yi hamdala. Direban motar da za ta ɗauki masarar ya danna ham a ƙofar gida. Almustapha ya nemi takalmi, babu. Ya nemi silifas, babu. Har na zuwa Juma'a da ke cikin kwali an ɗauke. A nan ya tuna yadda jakarta ta kumbura, tana rinjayar ta gefe guda.

Ƙafa ba takalmi ya shiga makarantar, ransa a ɓace. Ashe ɓarauniya yake reno a gida! Ya wuce malama, ya fizge jakar, ya zazzage a gaban yara. Takalmansa suka zubo, babu allo, babu fensir. Aji ya ɗauki dariya.

"Sata kika koya?" Ya ɗaga hannu.

Ba ta kare fuska ba. Durƙusawa ta yi tana tattara takalman zuwa ƙirjinta.

"Baba, in babu takalmi ba za ka iya tafiya ba. Umma ma ina makaranta ta tafi. Da na dawo babu takalminta a bakin ƙofa."

Hannun ya sauko da kansa. Shi ne ya goya ta a babur da sassafe ranar, ya kawo ta wannan ajin don kada ta ga mata suna kuka. Shi ne kuma da ta dawo ya ce mata Umma ta yi tafiya, alhali tun kafin a fita tara ya kai matarsa Suwaiba makwancinta.