Fitila Ɗaya

Tun da aka zauna a kotu a Kafanchan wani direba ke kan benci yana jiran a kira shi. Maigidansa, mai babbar motar ɗaukar citta, ya riga ya ɗora masa amsa: "Ka ce fitila ɗaya ma ta isa a ga hanya. Ka tsaya a kan haka, diyya ba za ta hau kanmu ba."

Direban ya yi ta nanata maganar a zuci. Amma da ya runtse ido sai hanyar Zonkwa ta dawo masa, bayan magariba, da malamin firamaren nan a kan mashin, wanda ya hango haske guda, ya zaci mashin ne irin nasa, ya kauce daidai faɗin mashin, sai gefen motar da fitilarsa ta mutu ya buge shi.

Aka kira malamin ya yi rantsuwa. Magatakarda ya miƙo Littafi Mai Tsarki. Malamin ya kai hannu, ya damƙi iska. Ya sake, ya kuma kuskure. Da ya juyo, direban ya ga auduga a gurbin idonsa na hagu.

Da layi ya zo kan direban, alƙali ya ce, "Direba, fitila ɗaya ta isa?"

Ya dubi maigidansa, ya dubi audugar.

"Ranka ya daɗe, ba ta isa ba."